Aikin Ido da Leza: Wa Ya Dace da Shi, Wa Ya Kamata Ya Riƙe Tabaraunsa?



A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin jama'a a Zangon Kwatano, musamman ɗalibai da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai, Istanbul, Alƙahira ko Indiya, wato maganar aikin ido da hasken leza. Ana cewa mutum zai shiga wurin likita da tabarau mai kauri, kafin a dafa shayi a sha ya fito yana hangen nesa babu komai a fuskarsa. Akwai gaskiya a cikin zancen, domin miliyoyin mutane a duniya an yi musu wannan aiki sun kuma ji daɗinsa. To amma labari in ya bi ta majalisu yakan yi ƙiba a hanya. Yanzu har ta kai ga wasu sun ɗauki leza maganin kowace irin cutar ido: tsoho mai yana, da mai ciwon sukari da ganinsa ya fara dushewa, da yaron da ba ya ganin rubutun allon aji, kowa sai a ce a tara kuɗi a kai shi waje a yi masa leza. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, ido kuma ba shi da na canji. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu tsefe zancen.

Tun kimanin shekara dubu da suka wuce malamin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. Hasken da ya shiga dole a tanƙwara shi ya taru a wuri ɗaya a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira rétine da Faransanci. Abu biyu ke wannan tanƙwarawa. Na farko shi ne tantani garai-garai da ya rufe baƙin ido ta gaba kamar gilashin agogo, wato korniya, kuma shi ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Na biyu wani ɗan madubi ne a cikin ido, bayan baƙin, wanda suke kira cristallin; shi ne ke yin hazo in tsufa ya zo har a ce mutum ya yi yana.

Tsawon ƙwayar idon baligi daga gaba zuwa baya bai wuce milimita 23 zuwa 24 ba. In ta ƙara tsawo da milimita ɗaya kacal, hasken sai ya taru kafin ya isa tantanin baya, mutum ya riƙa ganin abin da ke kusa tangaram, na nesa kuwa dishi-dishi. Wannan shi ne myopie. (Mun ƙi fassara shi da "rashin hangen nesa", domin a Hausa wannan magana tana nufin wata lalura dabam wadda ba a asibiti ake maganinta ba.) In ƙwayar ta gaza tsawo, shi ne hypermétropie, in kuma korniyar ce ba ta yi da'ira sosai ba, ta ɗan yi siffar ƙwai, shi ne astigmatisme. Lambobin da muke gani a takardar likita, kamar -2 ko -6, ma'aunin kuskuren ke nan, ana kiransa diyofta, kuma milimita ɗayan nan da muka ambata yakan jawo kusan -3.

A nan asirin al'amarin yake. Leza ba ta rage tsawon ƙwayar ido. Abin da take yi shi ne ta kankare tsakiyar korniya ta ɗan baje ta, domin ƙarfin tanƙwara haske ya ragu daidai da tsawon idon. Wato ƙarfin tabaraun ne aka sassaƙa a jikin idon kansa. Idon da yake dogo yana nan dogo har abada.

Yadda aka kai ga wannan fasaha

Ba dare ɗaya aka same ta ba. A shekarun 1960 wani likita ɗan Sifen mazaunin Bogota ta ƙasar Kolombiya, José Barraquer, yakan yanko ɓangaren korniya, ya daskarar da shi, ya feƙe shi a kan inji kamar yadda ake feƙe gilashi, sannan ya mayar ya ɗinke. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov na Mosko ya shahara da tsattsaga gefen korniya da wuƙa, tsagar ta yi kama da sifokin keke. An yi wa dubban mutane, an yi ta murna, sai bayan shekaru aka gano da yawa daga cikinsu idon ya ci gaba da bajewa har ya zarce, suka koma neman tabarau na wani ɓangaren. Ya kamata mai sha'awar sabon abu ya riƙa tuna wannan labari.

Leza ta shigo ne ta ƙofar masu kwamfuta. A 1981 wasu masana uku na kamfanin IBM a Amurka, Srinivasan da Wynne da Blum, suka gwada wata leza mai suna excimer a kan ragowar naman talotalo, suka tarar tana cire nama ba tare da ƙona na gefensa ba. Haskenta ba ya dafa nama, warware shi yake yi ya tashi kamar tururi, kuma kowane bugu ɗaya yana cire abin da bai wuce rubu'in maikiron ba. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kai ɗaya yakan kai kaurin maikiron 50 zuwa 100. A 1983 Stephen Trokel ya gwada ta a idanun shanu, a 1988 likita Marguerite McDonald ta yi aiki da ita a kan idon mutum mai gani a New Orleans. Wannan hanya ta farko ita ce PRK: a goge fatar saman korniya, a kankare, a bar fatar ta tsiro da kanta, abin da ke jawo raɗaɗi na kwana uku ko huɗu. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a Girka ya fito da LASIK, inda ake yanka siririn murfi a ɗaga shi kamar shafin littafi, a kankare ƙarƙashinsa, a mayar da shi ya manne babu ɗinki. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da PRK a 1995, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma ta amince da LASIK.

Daga baya wuƙar yanka murfin ma leza ta maye gurbinta, wata mai walƙiya gajeriya ƙwarai wadda ta samo asali daga binciken Gérard Mourou ɗan Faransa da Donna Strickland 'yar Kanada, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2018. Da ita ake yin hanya ta uku, SMILE, inda ake yanka ɗan faifai a cikin korniya a zaro shi ta ƙaramar kafa. Dukkansu ba a sumar da mutum, maganin kashe zafi ake ɗiga masa. Aikin ido biyu ba ya wuce minti 20 zuwa 30, haskawar kanta kuma daƙiƙoƙi ne.

Game da sakamako, binciken da FDA ta jagoranta mai suna PROWL, wanda aka buga a 2017, ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa LASIK sun gamsu da ganinsu. Amma binciken nan dai ya nuna cewa cikin waɗanda ba su da wani ƙorafi kafin aiki, har kashi 46 sun fara ganin wani baƙon abu bayan wata uku, kamar zobe ko tartsatsi kewaye da fitila da dare, har kashi 28 kuma sun fara fama da bushewar ido. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi ɗaya ba. Masu talla rabin farko suke karanta mana.

Abubuwan da suka shafe mu musamman

Mu fara da lissafi. Kaurin tsakiyar korniya a wurin yawancin mutane kimanin maikiron 540 ne. Murfin LASIK yana cin wajen 110, kowace diyofta kuma tana cin 12 zuwa 15, sannan likitoci suna so a bar aƙalla 250 zuwa 300 a ƙasa domin idon ya riƙe siffarsa. Mai -3 da korniya mai kauri ba shi da damuwa. Mai -8 da korniya mai maikiron 480 kuwa, in ka lissafa, za ka ga abin da zai rage ya tsaya ne a bakin gaɓa. In aka zarce, korniyar takan riƙa kumburowa gaba a hankali, gani ya lalace yadda tabarau ma ba zai gyara ba, wani lokaci sai an yi dashe. Bincike da dama ya nuna cewa korniyar baƙar fata, a matsakaici, ta ɗan fi ta Turawa siranta. Ga shi kuma mai babbar lamba shi ya fi kowa ƙosawa ya rabu da tabarau, alhali shi ne leza ta fi ƙarancin dacewa da shi.

Na biyu, dukkanmu mun san yaran nan da farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na kan ido ana murza. Likitocin ƙasashen renon Faransa sun san ciwon da sunan LCET, kuma ya yawaita a yankinmu. Yawan murza ido tun ƙuruciya yana daga cikin abubuwan da ake dangantawa da kératocône, inda korniya ke sirancewa ta yi tsini. Farkonta kama take da myopie mai ƙaruwa kowace shekara, sai saurayi ya gaji da sauya tabarau ya ce leza yake so, alhali LASIK a kan irin wannan ido ƙara wa Barno dawaki ne. Ba a gane ta da allon haruffa; sai an ɗauki taswirar korniya da na'ura. Duk wurin da aka yarda a yi maka aiki ba tare da wannan taswira da awon kauri ba, ka ɗauki takalmanka.

Na uku shi ne hawan jinin ido, wato glaucome, ɓarawon da ke sace gani daga gefe ba tare da zafi ba. Yammacin Afirka na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya; binciken da aka yi a Tema ta Gana ya same shi a jikin kusan kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40. Masu myopie sun fi saurin kamuwa da shi. Matsalar ita ce, bayan an kankare korniya, na'urar awon matsin ido takan nuna lamba ƙasa da gaskiya, sai a ce wa mutum lafiyarsa ƙalau alhali jijiyar gani na mutuwa. Haka nan haɗarin ɓallewar tantanin bayan ido, wanda ke bin mai dogon ido, yana nan bayan aiki kamar yadda yake kafinsa. Wanda aka yi wa leza bai gama da likitan ido ba.

Sai bushewar ido. Yanka murfi yana katse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa yana buƙatar hawaye, kuma sukan ɗauki watanni kafin su farfaɗo. Laimar Kwatano taimako ce, to amma mu mutanen hanya ne: wanda ke hawa Faraku da Malanbil zuwa Dosso da Maraɗi a tsakiyar hunturu, da ɗan zemijan da ke yini iska da hayaƙi na dukan fuskarsa, da direban da ke tuƙin dare fitilu na haske masa ido, kowannensu ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a taɓa shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda a ganinmu ya fi sauran shafar gidajen malamai da teloli. Daga shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido yakan taurara, kowa ya fara nesanta takarda daga fuskarsa. Wannan tsufa ne, leza ba ta hana shi. Mai myopie kaɗan, kamar -2 ko -3, yana da wata baiwa a ɓoye: in ya tsufa sai ya cire tabarau ya karanta Mus'hafi ko ya zura zare a allura da idonsa tsura, sa'o'insa kuwa suna laluben gilashin karatu. In aka yi masa leza yana ɗan shekara 38, an ba shi nesa an karɓe masa kusa, bayan 'yan shekaru tabarau ya dawo ta wata ƙofa. Wasu likitoci sukan gyara ido ɗaya don nesa su bar ɗaya don kusa, amma ba kowa ke iya sabawa ba. Ban da waɗannan, ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambarsa ba ta tsaya cik na aƙalla shekara guda ba, ko mai juna biyu da mai shayarwa, ko wanda sukarinsa bai daidaita ba.

Dangane da iyayenmu masu yana kuwa, a sani cewa babu hasken da ke narkar da ita daga waje. Dole a cire madubin da ya yi hazo a sa na roba. Na'urar da ke farfasa shi, wadda jama'a ke kira leza, galibi da girgizar sauti take aiki. Ba sai an hau jirgi ba: akwai sashen ido a asibitin CNHU Hubert Maga a nan Kwatano, akwai asibitin ido na Saint André da ke Tinré kusa da Faraku, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943 da kuma asibitin Makka, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Abin gudu shi ne masu yawo gari-gari suna tura yana cikin ido da allura. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yana ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 ta hannun masu allura suka bi, akasarinsu kuma ba su samu ganin kirki ba. Akwai wasu lezoji na dabam da ake amfani da su ga mai sukari ko mai sikila da jijiyoyin bayan idonsa suka lalace, ko don rage matsin ido. Waɗannan tsare abin da ya rage suke yi, ba su raba kowa da tabarau.

Wasu sun tambaya ko aikin bai shiga canza halittar Allah ba. Malaman zamani da suka yi magana a kai sun ɗauke shi a babin magani da kawar da aibi, ba babin ƙawa ba, kuma wannan ita ce ƙa'idar da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007 game da tiyatar gyaran jiki. Abin lura shi ne lokaci. Bayan aiki ana ɗiga magani sau da yawa a yini, a mazhabar Imam Malik kuwa abin da aka ɗiga a ido in ya isa maƙogwaro yana ɓata azumi, ko da yake wasu malamai sun saɓa. Tunda aikin ba na gaggawa ba ne, a kauce wa Ramadan, a huta da saɓani. A makon farko a kiyaye ruwa shiga ido wajen alwala, a kuma ajiye kwalli sai likita ya ba da izini.

Yanzu kuɗi. A Faransa aikin ido biyu yakan kama daga yuro 2,000 zuwa sama da 3,000, asusun lafiya na gwamnati kuma ba ya biya, domin yana ɗaukarsa aikin jin daɗi. Yuro 2,000 sun haura sefa miliyan 1 da jika 300. Mafi ƙarancin albashi a Benin, kamar yadda aka tsayar a Janairun 2023, jika 52 ne. Ke nan albashin fiye da shekara biyu, ban da jirgi da masauki. A wasu ƙasashe ya fi haka sauƙi, amma a tuna likita yana son ganin idon washegari, da bayan mako, da bayan wata ɗaya, da wata uku. Wanda ya haɗa aikin da tafiyar saro kaya ta kwana biyar, wa zai duba shi in murfin ya goce ko ƙwayar cuta ta shiga?

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, yayin da 'yan ƙalilan ke lissafin miliyoyi don su jefar da tabarau, yara da yawa a unguwa ba su taɓa samun na farko ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan ɗaya na fama da raunin gani da za a iya kauce masa ko ba a kula da shi ba, mafi yawansu kuwa tabarau kawai suke buƙata. Yaro ba ya cewa ba ya gani, domin bai san yadda wasu ke gani ba. Sai dai a ga yana ƙanƙance ido, yana manne wa talabijin, yana kwafar littafin na kusa da shi, a lakol a ce masa daƙiƙi, a gida a ce ba ya mai da hankali. In an samo tabaraun kuma sai wata gwaggo ta ce zai ƙara kashe masa ido, ko a ce yarinya mai gilashi za ta rasa masu so. Tabarau ba ya raunana ido. Lambar yaro tana ƙaruwa ne domin ƙwayar idonsa na girma tare da shi. Na bakin titi kuma, wanda ake gwadawa a duba jarida a biya, yana iya taimakon dattijo wajen karatu, amma ba na yaro mai myopie ba ne. Masana sun yi hasashe a 2016 cewa zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da wannan lalura. A Taiwan, inda ta yi katutu, tun 2010 aka umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana, aka kuma ga raguwa, domin hasken rana yana rage saurin tsawaitar ido. Yaranmu da ke tashi daga lakol su shiga Islamiyya, su dawo su duƙufa kan waya, a bar musu lokacin ƙwallo kafin magariba.

Wanda kuwa shekarunsa ke tsakanin 20 da 35, lambarsa ta tsaya kuma ba ta yi yawa ba, korniyarsa na da kauri da kyakkyawar siffa, yana da halin biya ba tare da ya taɓa jarin gida ba, to aikin na iya zame masa alheri, ba kuma za mu hana shi ba. Ya fara zuwa wurin likitan ido a nan gida, wanda ba shi da riba a cikin tafiyar, a auna matsin idonsa a duba bayansa. A can kuma ya tambayi kaurin korniyarsa da abin da zai rage bayan aiki, ya tambayi wanda zai ɗauki nauyi in ana buƙatar gyara na biyu. Kafin ya baro asibitin ya karɓi kwafin dukkan awon da aka yi masa kafin aiki da bayansa, ya adana tare da takardun gida, domin bayan shekara 30, ranar da yana ta zo, likitan da zai lissafa ƙarfin madubin robar da zai sa masa zai nemi waɗannan lambobi.